Ɗankwalin Mama a Ɗakin Sigina

Germiston, 9 ga Mayu

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙanwata Nthati da tumakinmu?

Albishirinki! Jiya da kaina na buɗe wa jirgin ƙasan Johannesburg hanya. Ɗakin aikinmu bene ne a bakin dogo, da sandunan ƙarfe arba'in a jere da ake ja a buɗe wa jirgi hanya, tun zamanin jirgin gawayi. A sarƙe suke da juna, Mama. In mutum ya ja wanda zai haɗa jirage karo, ko gezau ba zai yi ba!

Ranar farko na cafki ɗaya da tsurar hannuna. Baba Sithebe, mai koya min aikin, ya daka min tsawa: "Kai ɗan kan dutse, ƙahon rago ka samu? Guminka zai sa masa tsatsa!" Ashe kowa da ƙyallensa yake ja.

Lafiyata lau. Ana ta cewa baɗi za a rufe ɗakin, na'ura ta karɓe aikin, amma kada ki sa wannan a ranki.

Don Allah ki aiko min da tsohon shuɗin ɗankwalin nan naki. In ma rufewar za a yi, da shi zan buɗe wa jirgin ƙarshe hanya.

Allah ya bar mana ke.

Ɗanki,
Tankiso