Sola Ɗaya, Ƙauye Uku

Wallahi jiya na gano, ashe sola ɗaya muke ta buɗewa! Assalamu alaikum 'yan gida, admin a sakaya sunana, don Allah ku ba ni shawara.

Ni ke ɗaukar wa ciyaman ɗinmu bidiyo, ba zan ce na Ikara ne ko Makarfi ko Kudan ba. Ba wanda ya koya min, a waya na koya, har sa kiɗa da rubutu mai yawo na iya, kuma ina son aikin nan sosai. Tun yana kansila nake bin sa, lokacin ko jawabi aka ba shi sai gumi. Dillalin rake ne fa, yau wai shi ne gatan talakawa, har yana hangen majalisar tarayya.

Ga yadda ake yi, a kafa tankin ruwa a ƙauye, tanka ta zo ta cika shi, a jera faifan sola kamar shi ke jawo ruwan daga ƙasa, mai girma ya yanke ƙyalle ya wanke fuska, mata su rangaɗa guɗa, ni in ɗauka. Bayan kwana biyu a zo a kwance kaya wai za a kai gyara. Ina haɗa bidiyon takararsa sai na ga faifai ɗaya mai tsaga a gefe, a ƙauye uku! Ko canza shi ba su iya yi ba. Na nuna wa na hannun damansa, ya yi dariya ya ce in yanke wurin, ai siyasa ba wa'azi ba ce.

To ranar Asabar ƙauyenmu za a kai. Kawuna shi ne mai unguwa, ya riga ya ware rago, yana ta faɗa wa mutane ɗansu ne ya jawo musu ruwa. Na gaya masa gaskiya, ya ce in ja bakina in yi shiru, kada in zubar masa da mutunci gaban manya. Innata kuwa har ta kyautar da jarkokin da take zuwa rafi da su.

In na saki bidiyon na rasa aikin, na kuma ɓata da kawu. In na yi shiru, ranar da aka zo kwance solar ba ciyaman za a nema ba, gidanmu aka sani. Wanda ya taɓa yi wa irin waɗannan mutane aiki ya faɗa min yadda ya ƙare. In saki, ko in je in ɗauki innata tana guɗa?