Allurar Ruwan Da Na Yi Wa Baba Malam

Assalamu alaikum mai kula da wannan fili, da ku masu karatu. Don girman Allah a sakaya sunana, kuma kada ku yi saurin tsine min, na riga ku zagin kaina.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce. Ba a daɗe da yanke mana Jigawa daga Kano ba aka tura ni asibitin sha-ka-tafi a wani ƙauye ta wajen Sara. Kun dai san mutanenmu, in ba ka tsira musu allura ba, to ba ka duba su ba. Ka ba mutum ƙwaya, ka yi bayani har yawunka ya ƙafe, yana fita zai ce, "Wannan ai ba ta san aiki ba." Har suna suka sa min, wai Malama Sha-da-ruwa. Bencin masu jira ya zama wayam, kowa ya koma wajen mai kemis, mai gari ma ya aiko a ja min kunne. Ni kuma da ma akwai zuciya, abin ya tsaya min a rai.

Wata Talata wani direba, bari in kira shi Sale, ya kawo mahaifinsa, Baba Malam, mai ba manya karatu a zaure. Ƙafafu sun kumbura, yana ta haki. Na gwada jininsa na ga ya hau sosai, wallahi a take na san wannan ya fi ƙarfina. Sale ya ce, "Malama, ga mota a waje, ko mu wuce babban asibitin Birnin Kudu?" Tsohon ya ce, "Ba inda za ni. 'Yar nan, yi min allura ɗaya in koma, masu karatu na jira. Ko gaskiya ne abin da ake faɗa a kanki?" 'Yan rakiya suka zuba min ido. Me ya hana ni cewa a'a? Rubuta takardar tura shi babban asibiti minti nawa zai ci? Sai na juya baya, na zuƙi ruwan da muke haɗa magani da shi, zallarsa, na tsira masa. Na ce wa Sale, "Ku je gida, a ga yadda zai yi kwana biyu."

Baba Malam ya ɗaga hannu ya ce, "Kai, har na ji sakayau! Allah ya yi miki albarka, ya jiƙan mahaifa." Washegari benci ya cika maƙil, kuma ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Kwana huɗu tsakani ya yanke jiki ya faɗi yana cikin ba da karatu, ya cika a motar Sale tun ba su kai titi ba.

Yau shekara biyu ke nan. Duk sanda na fasa kwalbar allura sai in ji muryarsa a bayana yana sa min albarka. Na san kwana ne ya ƙare, amma sanadin fa, na waye? Sale kuwa tun daga ranar bai sake taɓa sitiyari ba. Ya rame ya lalace, matarsa ke surfe suna ci. Makon jiya ya rako ta awo, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Malama, ke kin yi iya yinki. Ni ne da mota a hannu na tsaya kallo. Ni na kashe Baba." Kun san abin da na ce masa? "Sai haƙuri." Tir da ni!

In na buɗe baki, aikina ya tafi, kuma matan da na sha wuya kafin su yarda su zo awo ba za su sake taka ƙofar nan ba. In na yi shiru, bawan Allah yana ƙarewa da laifin da ba nasa ba, ina kallonsa kullum. Jama'a, don Allah, ni yanzu me zan yi?