Filin da Yaya Jaufar Ya Ƙawata

Zuwa ga maigidana Shareef,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kuma teku na yi muku sauƙi. Mu nan ƙalau muke, sai dai ƙafar Innarku da ke ɗan damunta.

Yayanka Jaufar, tun da ya zama shugaban majalisar tsibirin nan, ya zama masanin komai. Ka san filin da na tsara tsakanin fadama da unguwar su Inna, wanda na ce a bar shi fayau, sai gwaza da yashi, domin in ciyawar fadama ta kama, wutar ta rasa abin ci kafin ta kai gidaje? Jiya ya sa an tuge gwazar. Rumfunan busasshen ganyen kwakwa zai jera a wurin, da wata doguwar ciyawar ado da ya gani a otal, wai don baƙi su riƙa ɗaukar hoto.

Na kai masa taswira ofis. A juye ya riƙe ta yana gyaɗa kai. Ya ce, "Amaryarmu, ruwa ya kewaye mu ta ko'ina, wace wuta kuma? Ke dai je ki shuka mana furanni." 'Yan majalisarsa suka yi dariya, har da Moosa da ko sunansa bai iya rubutawa daidai ba. Shekara biyar na yi ina karatun tsara filayen nan, Shareef. Wata uku ke nan ko ɗigon ruwan sama ba mu gani ba.

Taka har kullum,
Nuzuha

Zuwa ga maigidana Shareef,

Ina gaishe ka, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Ka kwantar da hankalinka tukuna: Inna na nan da ranta, tana ɗakinmu.

Ranar Talata bayan azahar fadama ta kama. Rumfunan yayanka ne suka yi wa wutar gada. Kafin a gama ihu ta tsallako. Gida bakwai suka ƙone, har da na Inna. Ni da Hawwa maƙwabciyarta muka cicciɓo ta a kujera, tana kuka tana kiran akwatin hotunan Baba. Akwatin bai fita ba.

Shugaba kuwa sai da hayaƙi ya lafa ya iso, cikin farar riga, ya karɓi bokiti a hannun wata mata ya tsaya a yi masa hoto. Bokitin ma babu ruwa.

Yau da safe ya zo gida, muna cin gurasar roshi da romon kifi. Ya zauna yana murza hula. Yanzu na tashi daga amarya, na koma "Injiniya". Ya ce, "Masu bincike za su zo daga babban birni, Male, jibi. Ki ce musu ƙaddara ce. Mu fa 'yan gida ɗaya ne." Inna ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ce, "Wane gida? Wanda ka ƙona?"

Na san ɗan'uwanka ne, kuma na san zai kira ka ya yi maka daɗin baki. Jibi zan faɗa musu abin da ya faru, tun daga ranar da aka tuge gwaza. Ba izini nake nema ba, maigida. Na rubuto ne don kada ka fara ji a bakin wani.

Inna na gaishe ka. Allah ya dawo mana da kai lafiya.

Matarka,
Nuzuha