Nankarwa a kafaɗar ɗan kokawa

Daren Laraba, Dakoro.

Yau ban tuɓe riga ba a filin kokawa. Na ce kafaɗata ke ciwo, kuma ƙarya ce. Tun da na dage da fura da nono da ƙwai don in ƙara nauyi, nankarwa ta fito mani a kafaɗu, jajur kamar an karce ni. Jiya abokina Sale ya gani, ya ce a gaban kowa, "Barka, mai jego, yaushe ne suna?" Na zage shi har kakansa, suka ƙara dariya.

Da na dawo na duba a waya, ina haɗa baƙi ɗaya-ɗaya yadda na saba. Wai fata ce ta buɗe da sauri, maza ma na yi, tana dushewa amma ba ta ɓacewa. A sha ruwa, a ci zogale da gyaɗa, a shafa mai. Haushi ya ƙara kama ni.

Da la'asar Inna ta miƙo mani man kaɗanya cikin gwangwanin tumatir. Bakina ya riga hankalina: "Inna, ni so nake wagga ƙazanta ta fita gaba ɗaya."

Ba ta ɗaga kai daga tsintar wake ba. "Tawa kai ka yi mani ita, auta. Ban taɓa ce mata ƙazanta ba."

Na karɓi gwangwanin na shige ɗaki.

Na shafa man yanzu, ɗakin duk warinsa. Gobe zan tuɓe rigar, kuma Sale zan fara kira mu yi kokawa. In ya tashi daga ƙasa sai in gaya mashi ranar suna.