Na Ɓoye Maganin Jikana, Na Manta Inda Na Sa

Hajiya Zaituna, ki taimaki tsohuwa, na jawo wa kaina.

Jikana Awaisu, mijin nan nawa da ko gishiri bai taɓa saya mini ba, yana da lalurar rashin tattara hankali. Ki aike shi niƙa, ya dawo miki da labarin ƙwallo. Likita a Zariya ya ɗora shi kan wata ƙwaya, sai ga mutum yana gama shafi guda a zaune.

Yanzu maganin ya yi wuya. Kemis a Funtuwa suka ce sai Malumfashi, can suka ce sai Zariya, Zariya suka ce takardar ta tsufa. Kafin mu sabunto, ya ƙare. Ashe maganin mai mantuwa sai mai nutsuwar alƙali ke samunsa.

To ni 'yar manoma ce, ba ma cinye masara mu bar rumbu ba iri. Da na ji ƙishin-ƙishin ƙarancin, na zari ƙwaya goma na ƙulle a leda na adana masa. Hajiya, na manta inda na sa. Na zazzage kwalla da adaka, babu. Ubansa ya ga giɓi, ya wanke shi tas wai ya zubar. Yaron ya ba da haƙuri, don ya saba a ce shi ne mai laifi. Jarrabawar gama sakandare saura mako uku. In faɗa, ko in ci gaba da lalube?

Mai ajiya, daga Maska

Amsa:

Inna, niyyarki mai kyau ce, kuma ƙarancin ba ke kika kawo shi ba. Amma ƙwaya ba ta tsira, kuma yaron yana ɗauke da laifin da ba nasa ba. Wannan ya fi rashin maganin yi masa illa. Ki faɗi gaskiya yau, a gaban ubansa.

Uban ya koma wa likitan ya tambayi madadi. Ya karɓi lambar masu kemis, a riƙa kira kafin a hau mota. Kada a saya a kasuwa, kada a gutsura masa rabi ba da izinin likita ba.

Sannan ki sa Awaisu ya taya ki nema, ya fi kowa sanin inda mai mantuwa ke ajiye kaya. Allah ya ba angonki sa'a.