Bakan Baba da Na Wanke

Litinin, 8 ga Yuli

Kwana goma sha biyu da rasuwar Baba. Yau Hajja, mahaifiyata, ta faɗa mini wasiyyarsa: babban bakansa na harbi a kai wa amininsa Baba Gana a Nangere kafin sadakar arba'in. Tare suka yi shekara talatin suna farauta. Ƙananan biyun nawa ne, in ji ta. Ni da ban taɓa harbin ko ƙadangare ba.

Duka ukun suna rataye a ɗakin girki, hayaƙi ya mayar da su baƙi ƙirin. Shekara sha shida ina kula da sito a kyamis, na san ba haka ake ajiye abu mai daraja ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na sauko da babban. Na wanke shi da sabulu da soso, har tsirkiyar fatar, sai ga launin iccen ya fito. Ban sauya tsirkiyar daga yadda Baba ya ɗaura ta ba, sai na ga kamar rashin kunya ne in kwance abin da hannunsa ya ɗaure. Na naɗe shi a leda biyu, na liƙa takarda mai kwanan wata, na ɗora kan durowa.

Hajja ta tsaya a bakin ƙofa. "Almustapha, shi ma maganin tari ne?" Na ce Hajja tsabta ce. Ta ce, "To, mai boko." Ta wuce.

Lahadi, 14 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ɗakin yana warin danshi.

Asabar, 20 ga Yuli

Na buɗe ledar don in duba. Fumfuna! Fari fat a jikin iccen. Tsirkiyar ta ƙanƙance, ta ja bakan ya lanƙwashe fiye da da. Ko idona ne? Na auna da igiyar tela, amma da me zan gwada tunda ban auna shi a farko ba? Ni da nake rubuta komai.

Na shanya shi a rana awa biyu. Da na ɗauko na ji wani ƙas a hannuna. Ban faɗa wa kowa ba.

Laraba, 24 ga Yuli

Tsaga ce, kusa da kan da ke sama, tsawon ɗan yatsa. Na yi tunanin sa gam. Na saya, na ajiye, na kasa.

Asabar, 27 ga Yuli

Tafiyar ma wani ciwon kai. Modu direba ya ce a ɗaure shi a saman mota tare da buhunan gero. Na ce a'a. Ya ce a but ɗin motar. Ba ya shiga sai an danna. "Malam, sanda ce fa, ba amarya ba!" Fasinjoji suna ta dariya. A ƙarshe na zauna gaba, na naɗe shi da tabarma, gindinsa tsakanin ƙafafuna, kansa ya leƙa ta taga. Duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a ƙirjina.

Baba Gana ya tsufa sosai. Ya karɓa da hannu biyu, ya shinshina shi tun kafin ya duba.

"Wa ya yi masa wanka?"

Na ce ni ne, Baba.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce hayaƙin nan shi ke hana ƙwaro cin icce, man kaɗen da Baba ke shafawa shi ke hana shi bushewa, ni kuma na kankare aikin shekara talatin da soso. Fata in ta jiƙe ta bushe ja take yi. Baka kuma ba ya kwana biyu a ɗaure. "Ubanka ciwo ne ya kayar da shi, da ya kwance da kansa."

Ya dafa gindin bakan da ƙafa, ya tura gwiwa, tsirkiyar ta fita kamar wasa. Ya shafa tsagar da babban yatsa ya daɗe. Ya ce zai ɗaure ta da jijiya, amma bakan ba zai ƙara ɗaukar cikakken ja ba.

Na ce a gafarce ni. Ya ce, "Sauran biyun fa, suna ɗaure?" Na ce eh. Ya ɗauko wani tsohon nasa ya miƙo mini. "Tashi. Sa ƙafarka nan. Ba nan ba, ɗan kyamis!"

Lahadi, 28 ga Yuli

Na faɗa wa Hajja. Ta ci gaba da tsince shinkafa. Me ya hana ni tambayarta tun ranar farko? Tana gidan nan shekara arba'in da biyar tana kallon yadda ake yi.

Talata, 30 ga Yuli

Na kwance ƙananan biyun. Na farko sai a gwaji na bakwai, ya goge mini ƙwauri har da jini. Na biyu sau biyu kawai. Na shafa musu mai, hannuna har yanzu warinsa yake, abokan aiki sun tambaya na ce maganin kaushi nake yi.

Ba wai abin ya shiga raina ba ne. Tsagar kawai nake so in ga yadda aka ɗaure ta.

Na ce wa Hajja wani aiki zai kai ni Nangere ran Asabar. Ba ta tambayi wane aiki ba. Ta ce in tafi da ƙaramin, shi ya fi sauƙin ja.