Na Kai Mata Karen, Luka

Zuwa ga abokina Luka ɗan Mokolo, mai gadin mahautarmu ta Garwa a da, wanda yanzu yake kwance a gindin dutsen garinsu.

Bayan gaisuwa irin wadda ta kamaci mai rai ya yi wa wanda ya riga shi, ina sanar da kai cewa ni ne, Sani mahauci, wanda ka yi shekara ashirin kana kira Alhaji-ba-Makka. Daga Kiribi nake rubuto maka, bakin teku, inda ƙasar Kamaru ta ƙare. Rigata ba ta bushe ba tun da na iso, gwiwoyina suna ciwo, kuma ina fushi da kai. Tunda ba ka da bakin ramawa, yau sai ka saurara har in gama.

Kana da 'yan'uwa a kan dutse. Kana da mutanen cocinku da suka cika ɗakin asibiti da waƙa. Duk ka tsallake su, ka kamo wuyan hannuna, ni da ka san ban taɓa taɓa kare ba tun da uwata ta haife ni, ka ce: "Ka kai wa Marta Barsu." Barsu, wato karenka. Iyakar maganar ke nan. Na ce to, don na zaci za ka tashi mu yi dariyar abin. Ba ka tashi ba.

Marta, 'yarka guda ɗaya tilo, wadda ta auri masunci ɗan kudu shekara bakwai da suka wuce ba da son ranka ba. Ba ka je bikin ba. In ta kira waya ka kife ta a kan benci. Na yi maka magana har na gaji, kullum amsarka ɗaya: "Sobajo, yanka namanka." Kana kirana aboki da Fulatanci kana rufe min baki da Hausa.

To, bari ka ji abin da kalmominka biyar suka jawo min.

Na fara da likitan dabbobi. Aka yi wa Barsu allura, aka ba shi karne, wato ɗan littafin shaidar allura, mai hatimi biyu. Karenka ya samu takarda tsaf, ni nawa katin shaidar ya kusa mutuwa ban sabunta ba. Daga nan na bi ajans-ajans, wato ofisoshin motocin kudu. Na farko suka ce a'a tun daga ƙofa. Na biyu suka ce sai dai a cusa shi ƙarƙashin mota tare da buhuna. A na uku wata mai sayar da tikiti ta dube ni ta ce, "Baba, mutane da kayan jikinsu za su yi salla a hanya." Ban yi mata musu ba. Da ni ne a kujerar, abin da zan faɗa ke nan.

Sai na koma ga abin da na sani, motar shanu. Akwai wadda za ta Yawunde, masu rakiyar shanun duk mutanena ne, mun yi shekaru muna hawa katakon sama tare. Na ɗaure Barsu a lungu bayan kan mota, na ajiye masa kwanon roba da ruwa, na hau sama na zauna nesa da shi gwargwadon iko. A hawan dutsen Ngaundere wani bajimi ya ja da baya ya taka kwanon, ya rugurguje.

Nan na yi kuskuren da ba zan ɓoye maka ba. Ka san yadda muke yi da shanu a hanya: sa yakan yi yini da kwana a tsaye ba ruwa, ya sauka ya girgiza kai ya kama kiwo. Da wannan lissafin na girma, da shi na tsufa. Na ce a raina kare ma dabba ne, zai jure har inda za a sauke. Ban san ba haka Allah ya yi shi ba. Kai kuma ba ka gaya min ba. Shekara ashirin kana ba ni labarin siyasa da farashin dawa, ba ka taɓa cewa kare ba saniya ba ne.

Da muka tsaya a garin Garwa-Bulai, can gaba da Ngaundere, da azahar na leƙa, na tarar da shi kwance a gefe, harshe waje ya bushe kamar tsohuwar fata, ido ya juye. Na sauko da shi da igiya. Na roƙi mai abinci aron kwano ta hana, kuma da gaskiyarta. Abokan tafiya kowa ya riƙe kofinsa. Ba gwangwani, ba ɓawon kwakwa, ba komai a wurin sai ni da butata ta alwala.

Na tsuguna na zuba ruwan a tafin hannuna, Luka. Ya lasa. Na ƙara, ya lasa. Har butar ta ƙare na sake cikowa. Shekarata hamsin da shida, ranar na fara jin harshen kare a fatata, kuma ina jin idon mutum goma a ƙeyata.

Na wanke hannun sau bakwai, har da ƙasa, yadda aka koya mana. Duk da haka da aka kawo tuwo sai na ga kwanon ya ɗan matsa nesa da ni. Malam Buba dillali ya ce, "Sani, ka zama ɗan dutse irin su Luka ke nan, saura giyar dawa." Aka yi dariya, ni ma na yi. Da la'asar ta yi, ni da na saba ja musu salla a hanya, kafin in gyara hula wani ya riga ya shige gaba. Ban zage su ba, kuma ba zan zage su a nan ba, abin da muka tashi a kai ke nan. Sai dai malamin da ya koya mana wanke hannu shi ya koya mana ladan shayar da mai ƙishi, kowane iri ne. Wannan babin ne ya ɓace musu a Garwa-Bulai.

Jandarmomi ba su dame ni yadda na zata ba. Suna ganin karne sai su yi dariya su kira juna a zo a ga Bahaushe da kare. A Bertuwa ne wani mai wucewa ya zo ya tsuguna yana matsa haƙarƙarin Barsu da yatsa, yana tambaya ko na sayarwa ne, wai zai yi daɗi da yaji. Na ture hannunsa. Bayan ya tafi na tuna haka nake matsa ƙirjin sa a kara kowace safiya, sai na rasa wanda zan yi wa fushi.

Daga Yawunde motar albasa ta kawo mu nan. Garin tsoho ne, an ce Jamusawa sun zauna. Akwai hasumiyarsu ta fitila a bakin ruwa da wata tsohuwar coci da iskar gishiri ta cinye wa fenti, da ka gani da ka cire hula. Ni tun ina yaro nake son ganin teku. Ranar da na gan shi ban ko samu na tsaya ba, don karenka ya ɗauka igiyar ruwa abokiyar faɗa ce, yana haushi yana fizgata, masu yawon buɗe ido suna ɗaukar mu hoto. A masaukin 'yan arewa aka ce ni in shigo, shi ya tsaya waje, wajen ma ba kusa ba. Isa mai tsire, wani ɗan garin Gidar da ke can arewa, shi ya ba mu bayan rumfarsa. Nan muke, ni da tabarma, Barsu da igiya.

Na sami gidan Marta kwana biyu da isowa. Ta yi jiki, tana da 'ya'ya biyu, babban cikinsu goshinka ne sak a fuskarsa. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa. Sai ta hango abin da ke bayan ƙafata. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Baba Sani, me ya ce?"

Ka ga inda ka ajiye ni? Da na ce ka nemi ta yafe maka, da an yi kuka an gama, da yanzu ina Garwa. Amma ba ka faɗa ba. Na maimaita mata kalmominka yadda suke, ban ƙara ko ɗaya ba.

Sai ta gaya min abin da ka ɓoye min. Ita ta tsinto Barsu yana ɗan kwikwiyo a bayan mahauta. Bayan ta tafi ka aiko mata da akwatinta. Bayan wata shida ka aiko da takardunta na makaranta. Daga baya har tukunyar marigayiya uwarta ka sa a mota. Kowane kaya ba wasiƙa, ba saƙon baki. Ta ce, "Wannan kaɗai ya rage nawa a gidansa. Yanzu ya share ɗakinsa tas kafin ya tafi." Ta shiga ta ja ƙofa, a hankali, ba ta buga ba.

Ni na ɗauka kyauta na ɗauko, Luka. Ashe a idonta kora ta ƙarshe na ratso ƙasa da ita. Ka sa ni na zama ɗan aiken da bai san abin da ke cikin ƙunshinsa ba. Wallahi da kana kusa da na shaƙe ka da wannan igiyar.

Kwana takwas na yi a bayan rumfar Isa. Kasuwar layya tana ƙaratowa, abokan sana'a suna ta sayen dabbobi ina nan ina korar ƙuda. Uwargida tana kira safe da yamma tana tambaya ko karen ne ya aure ni. Isa ya ce in koma in ce na tuna wata magana da ka yi, wa zai ƙaryata ni? Na ce ba na sa wa mamaci magana a baki. Kuma gaskiyar ita ce ban san nufinka ba. Har yanzu da nake rubutun nan ban sani ba. Mai yiwuwa kai ma ba ka sani ba, don taurin kanka ya fi na jakin garin Kaele.

A rana ta tara na je inda take banda kifi, cikin hayaƙi, na ce ba saƙo na kawo ba, shaida na zo bayarwa, ta ji ko kada ta ji. Na gaya mata shekara bakwai ba ranar da ba ka zo teburina karɓar wa Barsu ƙashi ba, kuma sai ka zaɓa, kana raina wanda na ba ka. Na gaya mata sai ya ci kake ci. Na gaya mata daminar da ya yi ciwo ka saɓa shi a kafaɗa ka taka har ƙetaren gada wurin likita, kai da ko zazzaɓi ba ya kai ka asibiti. Na gaya mata akwatin da tukunyar a mota ka jefa su kamar buhun gawayi, amma shi ka riƙe har numfashinka ya kusa ƙarewa, kuma ba ka ba direba ba, ka ba mutumin da ka san in ya ce to, to ne. Na ce iyakar abin da idona ya gani ke nan, fassara tata ce. Ba ta ɗago ba. Ta ci gaba da juya kifinta, na tafi.

Jiya da yamma ta zo bayan rumfar da kanun kifi a leda. Ta tsuguna ta kira shi da wata 'yar murya, irin wadda ake kiran kwikwiyo. Bai san ta ba, Luka. Ya sunsuna ledar, ya ja da baya, ya zo ya ɓuya a bayan ƙafafuna ya ɗora haɓa a kan takalmina. Ta yi dariya, dariyar ta juye kuka, ta zauna a ƙasa da zanenta mai kyau. Ni ma na juya ina duba tsiren Isa kamar ni na kafa shi.

Da ta share fuska ta ce, "Ka koma da shi, Baba Sani, ai ya zaɓa. Ka riƙe min shi. Zan zo da yaran a Kirsimeti, ka kai ni Mokolo in ga inda aka sa shi."

Ba ta ce ta yafe ba, kada ka yi saurin murna. Ta dai ce za ta zo, kuma ta tambaye ni ko akwai inuwa a wurin.

Saboda haka gobe da safe zan sake bin hanyar nan daga farko, da karen da na yi rantsuwa zan rabu da shi a bakin teku. Ban san abin da zan gaya wa uwargida ba. Ban san me limamin unguwa zai ce ba in ya ji haushi daga bayan gidan Sani mahauci. Zan kafa masa 'yar rumfa a wajen katanga, in ce gadi yake yi, in ya so a yi ta magana har Disamba.

Sauran addu'a. Ka san hanyarmu ba ɗaya ba ce, kuma ban iya irin taku ba. Wanda ya halicce mu duka ya fi ni sanin ka, ya san gadin da ka yi mana shekara ashirin ko wuƙa ba ta ɓata ba, ya san kuma abin da ka yi wa yarinyar nan. Na bar ka a hannunSa. Allah ya sanyaya zuciyar Marta, ya raya 'ya'yanta, ya kawo ta lafiya. Allah ya ba ni haƙurin hanya, ya hana ni mutuwa da magana a ciki irin yadda ka yi.

Naka, wanda har yanzu bai huce ba,
Sani mahauci,
daga bayan rumfar tsire, Kiribi.